Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga majalisar ikkilisiyarmu ta Damagaram kan shirin dasa sababbin ikkilisiyoyi

Zuwa ga iyayenmu fastoci da dattawan majalisa,

Muna gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gajiya, ina ɗawainiya da jama'a? Allah ya ƙara muku lafiya da hikima, ya kiyaye iyalanku da garken da ya danƙa a hannunku. Mun san abin da kuke fama da shi a garin da masu bi ƴan kaɗan ne, mafi yawansu kuma talakawa, don haka duk abin da za mu faɗa a nan da ladabi muke faɗarsa, irin na ɗa a gaban mahaifinsa.

Ni tsohon malamin makarantar boko ne. Na ajiye alli, yanzu ina koyar da ajin manya a makarantar Lahadi, ina kuma yin tafinta idan mai wa'azi ba ya jin Hausa. Amma wannan takarda ba tawa ba ce ni kaɗai. Mun zauna da iyayenmu mata na zumunta, da waɗansu matasa, ƴan makaranta da masu sana'a, da masu bishara da ke zaune a ƙauyukan wajen Mirya da Magariya da Matamaye. Su suka ce in rubuta, na kuma karanta musu kafin in fitar. Mun yi ta a buɗe ne saboda da muka ɗaga hannu a taron ikkilisiya, an ce mana magana ta riga ta ƙare, an sa hannu. To amma abin da aka sa wa hannun ya shafi kowane mai bi a wannan jiha, har da maƙwabtanmu da ba sa shiga majami'a.

Ga abin da aka karanta mana. Majalisa ta karɓi wani shiri na shekara 3 daga abokan aikinmu na Turai, na buɗe waɗansu ƙananan taruka na sabon salo a cikin gari. Za a kama hayar shaguna, a mai da wani wurin shan shayi, wani ɗakin karatu mai intanet, wani kuma wurin kallon ƙwallo. Ba za a rubuta majami'a a ƙofa ba, ba za a sa gicciye ba. Da Faransanci za a riƙa gudanar da su. Matasan da za su riƙe su za a yi musu horo na ƴan makonni. Kowane wata za a aika rahoto da adadin mutane da hotuna. Namu kason kuma daga asusun bishara za a cire shi, wato daga baikon da muke zubawa ranar Lahadi.

Ba mu ƙi sabon abu ba. Ikkilisiyar Filibi a gidan Lidiya mai sayar da tufafi ta fara, ba a cikin gini mai hasumiya ba, kuma da yawa daga cikin majami'unmu na ƙauye a zaure ko a ƙarƙashin rumfar kara aka haife su. Ba mu kuma raina waɗanda suka kawo shirin ba. Mun san inda tunanin ya fito, mun san ciwon da ya haife shi. A Ingila da Wales, ƙidayar jama'a ta 2011 ta nuna kashi 59 cikin 100 na mutane sun ce su Kirista ne. Da aka sake ƙidaya a 2021 sai aka tarar sun koma kashi 46, karo na farko da suka gaza rabi, waɗanda suka ce ba su da addini kuwa sun kai kashi 37. Akwai tsofaffin majami'u a can da aka sayar aka mai da su gidajen kwana da shaguna. Yaro yakan girma bai taɓa jin labarin Ibrahim ko Musa ba, sunan Allah ma ba ya cikin hirarsa. A cikin wannan hali ne Cocin Ingila ya fitar da wani rahoto a 2004, lokacin Rowan Williams yana babban bishop na Canterbury, sannan suka haɗa kai da ƴan Methodist suka soma abin da suke kira Fresh Expressions: tunda mutane sun daina zuwa majami'a, sai majami'a ta bi su inda suke, gidan shan kofi, filin wasa, wurin aiki. Wanda ya ga majami'ar kakanninsa ta koma kango, ya tashi ya nemi dabara, ya cancanci a girmama shi.

Sai dai Damagaram ba ta da wannan ciwo, shi ya sa maganin bai dace da ita ba. Kukanmu na farko ke nan, kuma shi ne babba.

Ku fita da asuba ku saurara. Daga Birni har Zango, daga Sabon Gari har Garin Malam, kiran salla ne yake tashin gari. Ɗan kabu-kabun da zai ɗauke ka da sunan Allah yake tada babur. Mai ga-ruwa da ya tura baro cikin zafin bazara, idan ka tambaye shi aiki, godiya ga Allah zai fara yi. Ƙidayar ƙasarmu Nijar ta 2012 ta nuna Kirista ba mu kai ɗaya cikin ɗari ba, sauran kusan duka Musulmi ne, kuma Musulmin da suke riƙe da addininsu. Maƙwabcina bai manta da Allah ba balle in tuna masa. Ya san sunan Isa ɗan Maryamu tun yana makarantar allo, yana da abin da ya gaskata game da shi, ya kuma san abin da ni na gaskata ya bambanta da nasa. Idan muka zauna muka yi maganar addini, a fili muke yinta, kowa ya san matsayin ɗan'uwansa, mu tashi mu yi sallama ba tare da ƙullin zuciya ba.

Yanzu ku duba abin da shirin zai yi wa wannan zama. A Landan, idan aka buɗe gidan kofi ba a rubuta majami'a a ƙofa ba, ana cire wa baƙo tsoro ne, don kada ginin ya kore shi. A nan kuwa, ranar da uba ya gane cewa ɗakin karatun da ɗansa yake zuwa don intanet na ikkilisiya ne, kuma an ɓoye masa, abu ɗaya zai ce: an yaudare mu. Kafin magariba maganar ta zaga unguwa. Mu kuma ba mu da amsa, domin gaskiya ya faɗa. Manzo Bulus ya rubuta wa Korintiyawa cewa shi da abokan aikinsa sun rabu da hanyoyin ɓoye da wayo, a sarari suke bayyana gaskiya. Da ya tsaya a Atina a gaban masana, ya yi musu magana da irin tunaninsu, amma bai ɓoye ko shi wane ne ba, bai ɓoye abin da ya kawo shi ba. Mun kasa gane yadda za mu koya wa ƴaƴanmu gaskiya ranar Lahadi, ranar Litinin kuma mu aike su su tsare shagon da sunansa daban, aikinsa daban.

Iyayenmu, ba sai mun tuna muku ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 ba, kuna nan. Wata jarida ce a Faris ta buga zanen ɓatanci ga Annabi Muhammadu. Ba mu zana ba, ba mu buga ba, waɗanda suka yi shi ma ba ruwansu da ikkilisiya, addinin Kirista kansa bai tsira daga ba'arsu ba. Amma majami'unmu aka ƙone a nan Damagaram, da gidaje da shagunan masu bi, aka yi asarar rayuka, washegari wutar ta kama Yamai. Iyalai da yawa a barikin soja suka sami mafaka. Me ya jawo mana? A idon masu fushin nan, Kirista da Nasara abu ɗaya ne. Shekarun da suka biyo baya mun yi su muna ƙoƙarin nuna wa gari cewa mu ƴaƴan ƙasar nan ne, tuwonmu ɗaya, harshenmu ɗaya, kakanninmu a nan aka binne su. Sai ga shi majalisa ta amince da taruka masu kuɗin Turai, salon Turai, harshen Turai, a ɓoye kuma. Duk abin da ake zarginmu da shi a kan ƙarya, yanzu za mu mayar da shi gaskiya da hannunmu.

Akwai kuma abin da muka koya a wannan rana wanda bai kamata ya ɓace ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira, maƙwabtansu Musulmi ne suka buɗe musu ƙofa. Iyalina a ɗakin matar wani tela da muke katanga ɗaya suka wuni, shi kuma ya zauna a ƙofar gidansa kamar ba kowa a ciki. Ya yi haka ne yana sane sarai cewa mu Kirista ne. Ya san mu a bikin suna, ya san mu a zaman makoki, ya san matata ce take duba ƴarsa idan zazzaɓi ya kama ta da dare. Sanin da gari ya yi mana a fili shi ne katangarmu a ranar. Shirin da zai sa a fara tambayar me muke ɓoyewa yana rushe wannan katanga, kuma waɗanda suka rubuta shi ba za su kwana a nan ba ranar da abin ya juya.

Ga kuma doka. Tun 2019 ƙasarmu take da dokar da ta tsara harkar ibada, wadda ta ce wurin ibada sai da izinin hukuma. Shagon da ake sujada a cikinsa kowane mako, a wane matsayi yake? Idan hukuma ta zo tambaya, yaron da aka ba makullin ne zai amsa, ko majalisa? Ba a gaya mana ba.

Kuka na biyu ya shafi ƴaƴanmu. Kada a ɗauka muna cewa iskar wannan zamani ba ta iso mu ba. Ta iso, amma ba ta ƙofar da shirin yake tsaro ta shigo ba. Ta cikin gidajenmu ta shigo, ta wayar da ke hannun ƴaƴanmu, ta kuma zaman banza bayan an gama karatu. Ku ƙirga samarin da aka yi wa baftisma a gabanku, ku duba nawa ne suke kan benci yau. Waɗansu suna Aljeriya da Libiya, waɗansu suna Kano da Legas, waɗansu kuwa suna nan cikin gari, a fada suke wuni suna dafa shayi. Na bi wani tsohon ɗalibina har fadarsu, yaron da ya gama jami'a ya kuma daina zuwa sujada. Na yi zaton zai ce mini babu Allah, irin abin da ake faɗa a littattafan Turawa. Abin da ya ce shi ne: Baba, na yi tambaya a taron matasa aka ce ina da taurin kai, na nemi a koya mini sana'a aka ce in yi addu'a, to me zan zo in yi? Ya nuna mini wayarsa. Rabi masu wa'azin arziki ne da ke cewa ka shuka kuɗi ka girbi mota, rabi kuma masu yi wa kowane addini dariya. Tsakanin waɗannan biyu yake rayuwa, kuma babu wani babba a ikkilisiya da ya taɓa zama da shi a kan tabarma ya saurari tambayoyinsa har ƙarshe.

Irin wannan yaro ba ya bukatar a kama masa hayar shago a sa masa kujerun roba. Fada tana nan, shayi yana nan, abokansa suna nan, Kirista da Musulmi a haɗe. Abin da babu shi ne fasto ko dattijo da zai cire takalmi ya zauna, da sunansa da matsayinsa a fili, ya jure tambaya mai zafi ba tare da ya yi fushi ba. Wannan ba ya cin ko dala. Lokaci yake ci da tawali'u. Shirin da kuka karɓa ya tsallake tumakin da suka fita daga garkenmu, ya tafi neman mutumin da ya manta da Allah, wanda da wuya a same shi a garin nan.

Sai maganar harshe. An ce da Faransanci za a yi sababbin tarukan don a jawo ƴan boko. A majami'armu har an matsar da sujadar Hausa zuwa sassafe don a ba matasan shirin wuri da kayan kiɗa su yi gwaji. Sassafe kuwa shi ne lokacin da mata suke layin ruwa, duk wanda ya zauna a Damagaram ya san abin da ruwa yake nufi a nan. Sakamakon shi ne tsofaffin matan da suka riƙe wannan ikkilisiya da azumi da addu'a, waɗanda suka share toka da hannunsu bayan gobara, yanzu ko su rasa sujada ko su zauna a ta Faransanci suna kallon bakin mai wa'azi. Ni da nake tafinta na san abin da yake zubewa a hanya: rabin zafin magana ba ya isa kunnen mai sauraro. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Waƙoƙin da aka yi mana reno da su na Hausa ne. A 2025 hukumomin ƙasarmu da kansu sun ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Ƙasa tana matsowa wajen harshen jama'a, ikkilisiya kuma tana ja da baya. Su ƴan bokon ma da ake son jawowa, da wane harshe suke yi wa iyayensu mata magana? Da wane harshe suke kuka idan an yi musu rasuwa?

Abin da ya fi sa mu baƙin ciki shi ne na masu bishara na ƙauye. Daga asusunsu aka cire kason shirin, kuma tun daga lokacin ɗan abin da ake ba su yake makara, wani watan ma ba ya zuwa. Hayar shago ɗaya a bakin titi ta fi abin da ake ba mai bishara da iyalinsa. Waɗannan mutane su ne masu dasa ikkilisiya na gaske a jihar nan. Suna noma gero tare da mutanen gari, suna shan ruwan rijiya ɗaya da su, su ake tasa da dare idan naƙuda ta zo da gardama a nemi amalanke. Ɗaya daga cikin waɗanda suka sa baki a wannan takarda ya gaya mana cewa bana da rani sai da ya rufe ɗakin sujada ya tafi cirani, domin rumbunsa ya ƙare kuma ƴarsa tana kwance. Watannin da ya yi ba ya nan, ba wanda ya karanta wa mutanensa Littafi, gama ba mai karatu a cikinsu. Wata tsohuwa ta rasu, ba a sami mai yi mata addu'ar binnewa ba sai da aka aika gari na gaba. Akwai ƙauyukan da suke shekara ba su ci jibin Ubangiji ba don babu kuɗin man da zai kai fasto. Da wace fuska za mu buɗe sabuwar ikkilisiya a birni da kuɗin da muka rufe tsohuwa da shi a ƙauye? Ko a Ingilar ma, waɗanda suka fara wannan tafiya sun nace cewa sabon salo da tsohon tare za su tafi, ba a yanka ɗaya don a ciyar da ɗaya ba.

Game da rahoton wata-wata, abu biyu ne. Idan aka ɗaura kuɗi a kan adadi, adadi zai samu ko ta halin ƙaƙa. Mun riga mun ga alama: matasan da aka rubuta a matsayin ƴaƴan sabon taro, namu ne na ƙungiyar mawaƙa, waɗansu kuma an janyo su daga majami'un ƴan'uwanmu na wasu ɗariku. An kwashe daga wannan ɗaki an zuba a wancan, an aika wa Turai labarin girbi. Wannan zai koya wa yaranmu ƙarya da sunan aikin Allah, ya kuma ɓata zumuncin da ke tsakaninmu da sauran ikkilisiyoyin gari, alhali dukanmu ba mu fi a tara a fili ɗaya ba. Na biyu, hotuna. Hoton da aka aika don a nuna wa masu ba da taimako yakan ƙare a Facebook, kuma Facebook ɗin nan ana buɗe shi a Damagaram. Saurayin da ya shigo kallon ƙwallo kawai zai iya wayar gari ya ga fuskarsa a ƙarƙashin rubutun da ke cewa ya karɓi sabon addini. Abin da zai biyo baya a gidansu, da abin da zai biyo baya a kanmu, ba mai ɗaukar hoton ne zai ɗauke shi ba.

Bayan shekara 3 ɗin fa? Wa zai biya haya, da wuta, da intanet? Kayan aro ba ya rufe katara. Mun gani da idonmu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka sa wa ƙasar takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, kuɗin waje ya yi wuyar shigowa. Ayyukan da suka dogara da aiken waje sun tsaya cik, majami'ar da ke rayuwa da kwanon gero da baikon talaka kuwa ba ta fasa sujada ba ko sau ɗaya. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun ƙarni na 19 Henry Venn, wanda ya shugabanci wata babbar ƙungiyar mishan ta Ingila, yake koyar da cewa ikkilisiya sai ta riƙe kanta, ta mulki kanta, ta yaɗu da ƙarfinta. Ƴan mishan na ƙungiyar SIM, wato Sudan Interior Mission, da suka sauka a garin nan a 1924 sun yi shekaru masu yawa ba su ga amfanin gona mai yawa ba. Abin da ya dawwama daga aikinsu shi ne abin da aka yi a fili aka kuma yi shi da haƙuri: koyon harshe, koyar da karatu, da jinya irin ta asibitin Galmi da aka buɗe a 1950, wanda har yau Musulmi da Kirista suke tururuwa zuwa gare shi, kowa ya san na masu bi ne.

Iyayenmu mata sun ce in ƙara wannan, kuma a taƙaice: ba wanda ya tambaye su. Su ne mafi yawa a kan benci, su suke shiga gidajen da namiji ba ya shiga, su suke ziyarar asibiti da gidan kaso, su suka san wace maƙwabciya ce take kwana da yunwa. An tsara yadda za a kai bishara cikin gari ba tare da an ji ta bakin waɗanda suka fi kowa sanin cikin gidajen garin ba.

Saboda haka ga abin da muke roƙo.

Ku dakatar da kama hayar shagunan nan har sai an kira babban taro na dukan ikkilisiya, da Hausa, inda za a karanta yarjejeniyar da aka sa wa hannu daga farko har ƙarshe, a faɗi nawa ne ya shigo, nawa ne aka cire daga asusun bishara. A gayyato masu bishara na ƙauye a biya musu kuɗin mota, a ba zumuntar mata da matasa bakin magana, ba kujerar sauraro kawai ba.

Ku mayar wa asusun bishara abin da aka cire, a biya masu bishara bashin watannin da suke bi kafin damina ta kama, don su sami iri su zauna a gonakinsu da mutanensu. A kuma tsara yadda fasto zai riƙa zagaya ƙauyukan nan a kai a kai don baftisma da jibin Ubangiji.

Ku mayar da sujadar Hausa lokacinta na da.

Duk wani sabon taro da za a buɗe, a buɗe shi da sunansa na gaskiya. Idan ɗakin karatu ne na ikkilisiya, a rubuta haka a ƙofa, a je a gaida mai unguwa da limamin unguwa a gaya musu, a nemi izinin hukuma yadda doka ta ce. Wanda ya shigo ya shigo da saninsa da sanin iyayensa. Mun tabbata da yawa za su shigo, gama mutanen garin nan ba sa gudun alherin da aka yi musu a fili. A kuma hana ɗaukar hoton kowa ba da yardarsa ba, a daina aika sunaye waje.

Ku koma wurin abokanmu na Turai ku gaya musu gaskiyar ƙasarmu ba tare da jin kunya ba. Muna kyautata musu zato, mun yi imani idan suka ji za su fahimta. Idan suna son su taimaka, ga inda taimako zai yi amfani: ajin yaƙi da jahilci da Hausa don kowace majami'ar ƙauye ta sami mai karanta Littafi, koyar da masu bishara sana'ar hannu yadda Bulus ya riƙe kansa da ɗinkin tanti, wurin koyon ɗinki da walda da gyaran babur ga matasa ba tare da an tambayi addininsu ba, da rijiya ko famfo a unguwannin da suka fi shan wahalar ruwa irin su Kara-Kara. Idan kuwa suka ce kuɗinsu sai a kan wancan tsari kaɗai, muna roƙonku ku yi musu godiya ku bar shi.

Sannan ku ware daga cikinku waɗanda za su riƙa zama da matasanmu a inda suke, a fada da wuraren sana'a da ɗakunan ƴan jami'a, ba don wa'azi kaɗai ba, har da sauraro. A ba taruka na cikin gida ƙarfi, irin waɗanda iyalai suke yi da yamma a unguwannin da ke nesa da majami'a, a sa dattijo ya riƙa kula da kowanne. Idan sabon salon ikkilisiya zai fito a Damagaram, muna sa ran daga irin waɗannan wurare zai fito, kuma mu da muka sa hannu a wannan takarda a shirye muke mu ba da zaurukanmu da lokacinmu.

Muna roƙon ku ba mu amsa a gaban jama'a kafin zaman majalisa mai zuwa. Idan kun ga ya fi kyau mu fara zuwa mu same ku, ku sa mana rana, za mu zo da wakilan mata da na matasa da na ƙauye. Idan akwai inda harshenmu ya yi kaifi, ku gafarce mu, zafin abin ne. Muna yi muku addu'a kullum, mu da gidajenmu.

Naku cikin Almasihu,

Wani malamin makarantar Lahadi, a madadin waɗansu iyaye mata na zumunta, da matasa, da masu bishara na ƙauyukan jihar Damagaram